Jan Fenti A Bangon Gwaggo

 Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba kamar yadda kuka saba gani a littattafaina. Wata tambaya ce ta tsaya mini a maƙogwaro, na juya ta na juya, na ce bari in kawo ta gabanku mu duba tare. Tambayar ita ce: wa ke da ikon cewa gidan mutum ya yi ƙanƙanta har bai isa a kira shi gida ba?

Abin da ya jawo maganar, Gwaggona ce, ƙanwar mahaifinmu. Mijinta ya rasu ya bar mata biyu da 'ya'ya goma sha ɗaya. Da aka yi rabon gado, tumunin da ya faɗo wa matan aka raba shi biyu, abin da ya zo hannunta bai taka kara ya karya ba. Ta haɗa da kuɗin adashi da na suyar kifi da ta yi shekaru tana yi, ta sayi ɗan yankin fili, ko rabin fuloti bai cika ba, ta gina ɗaki ɗaya na bulo mai ƙafa 12 da 12, ta kewaye da zana, ta yi ɗan makewayi a kusurwa. Ranar da ta tare, wallahi na ga farin cikin da ban gani a fuskarta ba ko a bikin 'yarta ta fari. Ta zauna a bakin gado tana shafa bangon tana cewa, "Yau dai ba mai ce mini tashi."

Ba a yi wata huɗu ba muka wayi gari da jan fenti a bangon. Wasu ma'aikata ne suka zo da rana tsaka tana kasuwa, suka zana alama babba suka rubuta a zo a gan su. Gwaggo ba ta karatun boko, amma jan fenti ba ya bukatar karatu. Daren nan ba ta runtsa ba, ni ma haka.

Zan dawo kan yadda muka ƙare. Amma ku bar ni in koma baya tukuna, don mu mutanen ƙasar Yauri ba yau muka fara ganin hukuma ta auna mana ɗaki ba.

Kakata ta wajen uwa Bagunga ce, a tsibiri aka haife ta a tsakiyar kogin Kwara. Gungawa, waɗanda suke kiran kansu Reshe, mutane ne na ruwa da noma, albasarsu kuwa sai wanda ya gani. A 1964 aka fara gina madatsar ruwa ta Kainji, aka gama a 1968, ruwa ya taru ya zama tafkin da muke gani yau mai tsawon sama da kilomita 130. Tsohon garin Bussa ya nutse, babban tsibirin Foge ya nutse, gungu bayan gungu suka shige ƙarƙashin ruwa, har wani sashe na Yelwa bai tsira ba. Mutane sama da 40,000 aka tayar daga garuruwa da ƙauyuka fiye da 200. Da farko kuɗi gwamnati ta fara biya kowa ya je ya gina nasa, da aka ga abin bai tafi daidai ba sai aka canza shawara, aka ce gwamnati da kanta za ta gina gidajen. Aka ɗauko wani Bature mai zanen gine-gine, Robin Atkinson, ya zana sabon garin Bussa da sababbin ƙauyukan da aka jera a gefen tafki.

Kada in zalunci mutumin, ya yi ƙoƙarin kwaikwayon irin ginin da ya tarar. Akwai ɗakuna masu da'ira kamar kago, akwai masu kusurwa huɗu, an yi su da bulon siminti, an rufa da asbesto a maimakon jinka. In kika bi hanyar Wara ko ƙauyukan ƙasar Ngaski da Shanga da ke bakin ruwa, har yanzu za ki ga ragowarsu, wasu da mutane a ciki, wasu an mai da su ɗakin awaki ko na ajiyar albasa. A takarda abin ya yi kyau. Siminti ya fi laka, ba gobarar jinka, ba gara, kuma kyauta.

To amma ku ji ta bakin wadda ta kwana a ciki. Kaka takan ce da rana ɗakin kamar tanda, da hunturu kuma kamar randa. A tsohon ɗakinta na jinka tana hura wuta a ciki, hayaƙi ya bi ta tsakanin ciyawa ya fita, ya kori sauro, ya kashe ƙwari, ya busar da kifin da ta rataye. A sabon ɗaki in ta hura wuta sai hawaye da tari. In jinka ta yi yoyo Kakanmu zai yanko ciyawa ya gyara kafin la'asar. Asbesto in ya tsage, ina mutumin ƙauye zai samo wani, kuma da wane kuɗi? Ga bango mai tauri, ba a iya fasa shi a fitar da 'yar ƙofa a manna wani ɗaki in an yi sabuwar amarya. Da yawa sai suka koma gefe suka gina nasu na laka yadda suka iya, wasu ma suka bar wurin ɗungum. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai, na tambaye ta ko an taɓa zuwa an ji ra'ayinsu kafin a gina. Ta yi dariya har da tafa hannu, ta ce, "An dai yi magana da maza a gindin bishiya." Mata kuwa, waɗanda su ke wuni a ɗakin, su ke girki, su ke haihuwa a ciki, sai dai aka nuna musu ƙofa aka ce ga naki. Ashe ma likitoci sun tabbatar ƙurar asbesto tana lalata huhu, har daga baya ƙasashe da yawa suka haramta shi.

Kun ga ke nan, ɗakin Kaka na tsibiri ƙarami ne, ɗakin gwamnati ma ƙarami ne. Ba ta taɓa yi mini kukan ƙanƙanta ba ko sau ɗaya. Kukanta duk a kan wanda ya yanke yadda ɗakin zai kasance ne ba tare da ya taɓa kwana a irinsa ba. Hausawa sun riga sun gama magana da suka ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wani abin mamaki, wannan rigimar har a Amurka ana yin ta. Tun bayan 2008, lokacin da bashin gidaje ya karya mutane da dama bankuna suka ƙwace musu muhalli, sai wasu suka ƙara rungumar gina 'yan ƙananan gidaje, wasu a ƙasa, wasu a kan taya a ja su da mota. Suka ce gara ɗan ƙarami ba bashi da katafare wanda za ka mutu kana biya. Sai suka ci karo da dokokin garuruwansu, domin a wurare da yawa akwai mafi ƙarancin girman da aka yarda gida ya kasance, in bai kai ba ba za a ba ka izinin zama a ciki ba ko da filinka ne. Na kan taya kuwa sau da yawa lissafin tirelar yawon shaƙatawa ake yi masa, a ce ba a yarda a zauna a cikinsa shekara cur ba. Sai a 2018 babban kundin ƙa'idojin gina gidajen da yawancin jihohinsu ke bi ya ware wa ƙananan gidaje sashe na musamman, ya ce ƙaramin gida shi ne wanda bai wuce murabba'in ƙafa 400 ba. Da na yi lissafi sai dariya ta kama ni. Ƙafa 20 da 20 ke nan fa. Ciki da falon da ake kai amarya a nan a yi ta guɗa, in kowanne 12 da 12 ne, 288 ya kama. Wato abin da su suke kira ɗan mitsitsi, ya fi wanda mu muke yi wa jere muna kiran ƙawaye su zo gani.

Amma abin da ya burge ni a wancan sashen, bai tsaya yi wa mutum gorin ƙanƙanta ba. Magana yake a kan tsayin rufi don kada kai ya riƙa bugawa, da yadda matakala za ta kasance don kada a faɗo, da tagar da mutum zai fita in gobara ta tashi. Wannan ita ce dokar da hankalina ya ɗauka, kuma daga nan na fara rarrabe abu biyu da a da nake haɗa su wuri ɗaya.

Domin kada ku ɗauka ina cewa a bar kowa ya gina abin da ya ga dama a inda ya ga dama. Ni 'yar bakin ruwa ce, na san abin da ruwa ke yi. A nan sau biyu yake zuwar mana a shekara: farin nan mai laka na damina, sannan baƙin da ke tasowa tun daga tsaunukan ƙasar Gini ya iso mana cikin hunturu. Wanda ya ga ambaliyar 2012 da ta 2020 a jihar Kebbi ba sai an yi masa wa'azi ba. Wadda ta gina ɗakinta a kan hanyar ruwa don filin ya fi arha, ranar da ruwa ya zo da tsakar dare 'ya'yanta ba su san arha ba. Wanda ya tare kwata da bangonsa, ba gidansa kaɗai zai ci ba, har da na maƙwabta. Akwai ma dokar 1997 da ta kafa hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, wadda ta sa ƙasar da ke cikin mita 100 daga gaɓar manyan hanyoyin ruwa irin su Kwara a ƙarƙashin kulawarta. Mutum nawa a cikinmu suka san da wannan kafin su miƙa kuɗin fili? In hukuma ta ce kada ki gina a nan don ruwa zai ci ki, ko ta ce matsa da masai daga rijiyar jama'a, ko bar lungu yadda za a iya fito da mara lafiya ko gawa, wannan ba zalunci ba ne. Ko kafin zuwan Bature, mai unguwa da dattawa suna hana mutum buɗe taga tana leƙa tsakar gidan maƙwabci, suna hana a juya indararo yana zuba a gidan wani. Haƙƙin maƙwabci tsohon abu ne.

Inda nake da ja shi ne wurin da doka, ko masu riƙe da ita, ko ma mu kanmu, muka tashi daga kare rai muka koma kare ado. A ce ɗaki ɗaya ba gida ba ne. A ce sai an kawo zanen gini wanda kuɗin mai zanen kaɗai ya kusa kuɗin kwanon rufin. A ce zana tana ɓata unguwa. Tun 1992 akwai dokar tsara birane da ta ce sai da izini ake gini, kuma ban ƙi ba. Sai dai hanyar samun izinin an shimfiɗa ta ne daidai ƙafar mai gina bene. Bazawara mai ɗaki ɗaya in ta ce za ta bi ta, kuɗin bulonta zai ƙare a mota da takardu kafin a aza tubali ɗaya. Don haka sai ta gina a ɓoye, ta zauna cikin fargaba, duk ƙarar mota ta ji a ƙofa gabanta ya faɗi. Ta zama mai laifi alhali ba ta cuci kowa ba. Ni a ganina dokar da talaka mai gaskiya ba zai iya cika ta ba ko ya so, akwai gyara a cikinta.

Ga kuma wata da ya kamata kowace mace ta sani. Dokar filaye ta 1978 ta sa dukkan ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Filin cikin birni gwamna ke ba da takardar izinin mallakarsa, na karkara kuma ƙaramar hukuma ce ke da ikon bayarwa bisa al'ada. In gwamnati ta karɓi wuri don aikin jama'a, diyyar da take biya ta abin da aka aza a kai ce, gini ko shuka ko itatuwa, ba ta ƙasar kanta ba. To ki duba, mai ɗakin laka da jinka nawa za a ƙiyasta mata? Wanda ya fi kowa rashin wurin zuwa shi ne zai karɓi mafi ƙanƙantar diyya. In kuma ba ta da ko takardar ciniki mai sa hannun shaidu, sai dai ta yi ta rantsuwa.

Mu ma mata ba mu fita ba, kuma a nan zan taɓa mu kaɗan, a yi haƙuri. Sau nawa aka fasa aure mai kyau don yaro ɗaki ɗaya gare shi? Sau nawa uwa ta ce ita 'yarta ba za ta zauna a inda sif da kujeru ba za su shiga ba? Sai yaro ya je ya kama hayar da ta fi ƙarfinsa don a fita kunya, shekara na zagayowa mai gida ya turo, a fara sayar da kayan ɗakin da aka yi fariya da su ɗaya bayan ɗaya. Na san wata da aka yi wa jere a ɗaki uku, cikin shekara huɗu ta tashi sau biyar, madubin sif ɗinta a tashi na biyu ya fashe. Malamanmu sun karantar da mu cewa muhalli haƙƙin mace ne a kan mijinta, gwargwadon ƙarfinsa, wurin da za ta samu sutura da sirri da kwanciyar hankali. Ban taɓa jin an yanka yawan ƙafa ba. An ma ruwaito cewa ɗakunan iyayenmu matan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ƙanana ne ƙwarai, har Hasanul Basari yana yaro yakan taɓa rufinsu da hannunsa. Jan fentin da ma'aikata suka shafa wa Gwaggo, mu mun daɗe muna shafa irinsa da baki.

Sai dai kuma kada a juya maganata a ce na ce mace ta yarda da kowane akurki. Akwai mazan da za su ji wannan su ce yauwa, su cusa mata biyu da 'ya'ya takwas a ciki da falo alhali suna da halin ƙari, kuɗin yana tafiya wajen neman ta uku. Ɗakin da yara masu wayo maza da mata suke kwana a haɗe da iyayensu, ɗakin da ba taga ana kunna janareta a bakin ƙofa, ɗakin da lokacin zafi cutar sanƙarau ke bi ta kan yara saboda cunkoso, wannan ba ƙanƙantar da nake karewa ba ce. Ƙanƙantar da mutum ya zaɓa don ya zauna cikin rufin asiri daban, wadda rowa ko rashin tausayi ya jefa shi ciki daban. Gwaggo ita kaɗai ce da jikarta guda. Ƙafa 12 da 12 ta ishe su har da wurin sallah.

To, ga yadda muka ƙare. Washegari na raka ta, da ni da ɗanta na biyu. Muka wuni a benci. Wanda muka fara gani ko ɗago kai bai yi sosai ba, ya ce mana wannan ai ba gida ba ne, rumfa ce, kuma ba zane ba izini, don haka rushewa za a yi. Gwaggo ta ce, "Ɗana, a ciki nake kwana." Bai amsa ba. Ni kuwa zuciya ta ciyo ni, na buɗe baki zan yi magana ta danne mini ƙafa.

Sai a zuwa na uku muka samu wani dattijo a cikinsu, ya ce a je ya gani da idonsa. Ya zagaya, ya auna da ƙafarsa, ya leƙa bayan zana, sai ya tsaya. Ya kira ta ya ce, "Baba, zo ki gani." Ashe ramin makewayinta taku kaɗan ne tsakaninsa da rijiyar maƙwabta, wadda gida huɗu ke sha. Maginin da ya haƙa bai duba ba, mu ma ba mu lura ba. Dattijon ya yi mata bayanin yadda ƙazanta ke bi ta ƙarƙashin ƙasa ta shiga ruwa, musamman da damina in ƙasa ta jiƙe, ya ce haka amai da gudawa ke shiga unguwa. Kunya ta kama ni, don ni da na je da shirin faɗa ban taɓa kawo wannan a raina ba. Gwaggo ta yi shiru can ta ce, "Wannan kam gaskiyarka. Jikokin mutane ne ke sha." Ta sayar da tunkiyarta aka cike ramin aka haƙa wani a ɗaya kusurwar. Game da ɗakin kuwa, ya ce shi bai ga abin da ya tare ba, ba hanya ba, ba kwata ba. Ya nuna wa ɗanta takardun da zai cike, ya ce kuma su koma wurin wanda ya sayar da filin da mai unguwa a rubuta takardar ciniki da shaidu, da sunanta ita kanta, ba da sunan ɗa ko ƙane ba. Nan ma sai da aka kai ruwa rana, don ɗan nata ya so a sa nasa sunan wai don sauƙin zirga-zirga. Gwaggo ta ce a'a, wahalar suyar kifin ba da sunansa aka sha ba.

Maganar izinin har yau ba ta kammala ba, ana ta je ka dawo. Takardar cinikin dai tana hannunta, ta naɗe ta a leda ta sa a cikin tsohuwar kwallar aurenta a ƙarƙashin gado. Da sallar da ta wuce na kai mata farar ƙasa na ce bari in shafe mata jan fentin nan, yana ɓata bango. Ta hana ni. Ta ce in bar shi sai ranar da takardar ƙarshe ta fito, ita da kanta za ta shafe. Daga nan ta miƙo mini tabarma ta ce in shimfiɗa a waje, ciki ya yi mana kaɗan mu uku.